BABI NA UKU: TARIHIN ZAƁEN YADIN CIN BAKI A LIFIDI DA MAYAFI, DAGA KANO ZUWA SAKABA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan saƙa da rini a ƙasar Hausa. Shi kuwa wannan babi zai dubi wani ɗan ɓangare ne na sana'ar ɗinki wanda ba kasafai manazarta suke tsayawa a kansa ba, wato yadin da ake zaɓa a ci bakin kayan da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, kamar lifidi da shimfiɗar sirdi da mayafin sanyi. Manufar babin ita ce ya nuna cewa ba haka kawai maɗinki yake ɗauko yadin baki ba. Abin da kasuwa ta kawo a zamaninsa, da ƙarfin aljihun mai kaya, da abin da addini ya yarda da shi, duk suna da hannu a cikin zaɓen. Saboda haka, wanda ya iya duban bakin tsohon kaya zai iya kintatar zamanin da aka yi shi da kuma hanyar da yadin ya biyo. Za a fara da Kano da Sakkwato, inda aka sami rubutattun bayanai, sannan a gangaro Sakaba ta ƙasar Zuru, inda mai wannan bincike ya taso.

3.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Don sauƙin bayani, a wannan babi za a riƙa cewa “kayan cushe” ga duk abin da aka yi da yadi biyu, na sama da na ƙasa, aka sa auduga ko tsumma a tsakani, aka bi da layukan ɗinki don kada abin da aka cusa ya taru wuri guda. “Kalmasa” ita ce a lanƙwasa bakin yadi a ɗinke. “Cin baki” a nan yana nufin a kawo wani yadi dabam a zagaye gefen kaya da shi. “Shafi” kuwa shi ne yadin da ake shimfiɗa wa babbar riga ta ciki a gindinta, wanda yake bayyana idan mai rigar ya motsa ko ya saɓa ta.

3.2 Lifidi da Asalinsa

Lifidi shi ne mafi daɗewar kayan cushe da tarihin ƙasar Hausa ya ambata. Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, wato “libd”. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a shekarar 1908, ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji (1390-1410) shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, bayan asarar mayaƙa da ya yi a yaƙinsa da Umbatu. Ke nan tun farko buƙatar kare rai ce ta kawo wannan ɗinki.

Akan cusa wa lifidi audugar rimi ne ko ta gona, a ɗinke shi da kauri yadda kibiya za ta maƙale a ciki kafin ta kai ga fata. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin kibiyar wancan zamani mai dafi ce, ɗan ƙwarzane kaɗan ya isa ya kashe doki. Akwai na mahayi, akwai kuma na doki wanda yake rufe wuyansa da ƙirjinsa da kuturinsa. Illarsa ita ce nauyi da zafi, ga shi kuma ba ya shiri da wuta. A shekarar 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, birnin Gobirawa, ya kuma ga 'yan lifidi da idonsa. Ya bayyana cewa saboda nauyin kayan sai an taimaka wa mahayi kafin ya hau doki.

Ba Hausawa kaɗai ke da lifidi ba. Littafin tafiyar Denham da Clapperton da aka buga a 1826 yana ɗauke da zanen wani barde na Bagarmi, shi da dokinsa duk a cikin lifidi. Haka kuma an san shi a Barno, da wajen Zabarmawan Dosso, da lamiɓen arewacin Kamaru, har zuwa Sudan, inda mayaƙan Mahadi suka yi amfani da shi a ƙarshen ƙarni na 19. A duk waɗannan wurare akan lulluɓe bayan lifidi da ƙyallaye masu launi daban-daban, ja da shuɗi da fari da rawaya, waɗanda aka yanka masu kusurwa uku ko huɗu aka harhaɗa.

3.3 Dalilin Cin Baki

Kafin a shiga tarihin yadin, ya kamata a san aikin da baki yake yi a jikin kayan cushe. Na farko, shi ne yake rufe abin da aka cusa. Idan baki ya yage, auduga za ta dinga zubewa har kayan ya saki. Na biyu, gefe shi ne wurin da ya fi shan wahala: a lifidin doki shi ne yake gogar ƙafa da ƙaya da ciyawa, a mayafi kuma shi ne hannu yake ja, shi ne yake jan ƙasa. Na uku, baki shi ne ido yake fara sauka a kansa, domin shi ne iyakar kayan.

Akwai kuma dalili na huɗu, wanda shi ne ya fi shafar wannan babi. Baki ba ya cin yadi da yawa. Mutumin da ba zai iya sayen yadi mai tsada ya lulluɓe kaya gaba ɗaya ba, zai iya sayen ɗan abin da zai zagaye gefe. Shi ya sa a tarihin suturar Hausawa ake yawan samun yadi mafi daraja a baki, ciki kuwa a bar shi da fari ko baƙi na gida.

3.4 Yadin Baki Kafin Zuwan Turawa

A ƙarni na 19 maɗinkin Kano ko Zariya yana da yadi iri biyu a gabansa, na gida da na fatake. Na gida masaƙa ne suke saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, wato dogayen tsiri marasa faɗi waɗanda ake jerawa a ɗinke su zama zane. Wannan tsari ya dace da cin baki, domin ƙwarya guda ta riga ta zo da gefenta biyu a saƙe, ba ta buƙatar yanka balle ta warware. Daga cikin masu zane akwai saƙi, mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari kamar jikin zabuwa, da barage mai ratsin jan siliki, da tsamiya wadda ake samun zarenta daga saƙar wata tsutsa. Zanen waɗannan duka ƙanana ne ko kuma ratsi ne da yake bin tsawon ƙwarya, don haka ko an ɗauki faɗin yatsu uku zanen yana nan cikakke.

Girman wannan sana'a ba ƙarami ba ne. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a shekarar 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla. Shi ne kuma ya lissafa abin da ayarin Sahara yake shigowa da shi: farin yadi da mai zane daga Mancesta ta Ingila, jan yadin ulu daga ƙasar Jamus wanda Hausawa suke kira mulufi, da wani siliki mai kaushi da ake rinawa a Tarabulus, wanda ya ce ana kawo kayan raƙumi 300 zuwa 400 a shekara. Wannan siliki shi ne alharini, daga kalmar Larabci “al-harir”. A Turai ragowar masaƙu ne marar daraja, amma kafin ya ƙetare hamada ya iso Kano ya zama kayan manya.

Abin lura shi ne inda ake sa alharinin. Tsofaffin rigunan daular Sakkwato da suke ajiye a gidajen tarihi na Turai, waɗanda Colleen Kriger ta yi nazari a kansu, da yawansu jikinsu saƙi ne ko fari ko tsamiya, amma shafinsu na jan alharini ne ko mai ratsinsa. Tsada tana cikin dalilan haka, kamar yadda aka faɗa a sama. Sai dai ana iya ƙara wani dalilin. Musulunci ya hana namiji sa tufafin siliki, amma hadisin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, wanda yake cikin Sahihu Muslim, ya yi rangwame a kan faɗin yatsu biyu zuwa huɗu. A daular da malamai suka kafa, wadda shugabanninta irin su Abdullahi ɗan Fodiyo suka yi ta sukar ƙawa da alfahari da tufafi, ba abin mamaki ba ne siliki ya sami mazauni a gefe da cikin riga maimakon bayanta. Ra'ayin mai wannan bincike shi ne, tsada da hukuncin addini sun haɗu ne suka koya wa idon Bahaushe son jan baki a jikin baƙi ko fari. Wannan sabo ya wuce riga, ya shiga kayan doki irin su jalala da ɗauki-saƙa, inda mulufi da sauran jan yadi suka sami karɓuwa.

3.5 Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun ci Kwantagora a 1901, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Tun kafin nan bindiga ta fara rage amfanin lifidi, domin audugar da take tsare kibiya ba ta tsare harsashi. Da yaƙi ya ƙare sai lifidi ya koma kayan hawan salla da na daba, irin wadda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da wadda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Wannan ya sauya ma'aunin zaɓen yadi. A da ƙarfi ake fara dubawa, yanzu kuwa abin da zai ɗauki idon mai kallo daga nesa shi ne gaba.

A ɓangaren kasuwa kuma, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da Italiya ta kai wa Tarabulus hari. Hanyar Sahara, wadda dama ta yi rauni, sai ta ƙara durƙushewa, kaya suka koma shigowa ta Ikko. Alharini ya yi ta ja da baya, kantunan kamfanoni irin su John Holt da U.A.C. suka cika da akoko da alawayyo da karan-miski da atamfar Ingila da ta Holan. Keken ɗinki shi ma ya yaɗu, ya fita daga birane ya shiga kasuwannin ƙauye.

Atamfa ta zo wa maɗinki da matsalar da bai saba da ita ba. Faɗinta ya wuce yadi guda, kuma an buga zanenta ne don a gan shi a jikin zanen ɗaurawa, shi ya sa furanninta da tsuntsayenta manya ne. Idan aka yanko tsiri mai faɗin tafin hannu don cin baki, sai a sami rabin fure nan, rabin ganye can. Ga shi kuma wurin da almakashi ya bi yana warwarewa, dole sai an kalmashe. Daga nan ne maɗinka suka koyi tsayawa su karanci zanen atamfa kafin su yanka, abin da ƙwaryar saƙi ba ta taɓa buƙata ba.

3.6 Masaƙun Kaduna da Faɗuwarsu

A shekarar 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, bisa ƙoƙarin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello. Wasu suka biyo baya, ciki har da United Nigerian Textiles da aka kafa a 1964, da masaƙar Gusau, da ta Funtuwa, da na Kano. Atamfa ta sauko ta zama abin da talaka zai iya saye, turmi-turmi mai yadi shida. Inda atamfa ta yawaita kuwa, ƙyalle zai yawaita a ƙarƙashin keken tela. Waɗannan ƙyallaye su ne ake tarawa a harhaɗa a yi rigar katifa da ta matashi da mayafi. Dabarar haɗa ƙyalle da a da ake gani a lifidin fada sai ga ta a ɗakin matan ƙauye.

Wannan zamani bai ɗore ba. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Ga ƙarancin wutar lantarki da man injin, ga kuma atamfar waje mai araha da take shigowa ta kan iyaka. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsayar da aikinta na Kaduna a 2007. Kasuwar Kantin Kwari ta Kano, inda 'yan kasuwar Arewa da na maƙwabta suke sarin yadi, ta cika da kayan ƙasar Sin. Daga cikinsu akwai mai kyau, akwai kuma mai haɗin roba wanda yake ɗaukar ido a kanti amma ba ya jure wanki da rana.

3.7 Abin da Aka Gani a Sakaba

Sakaba ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomin masarautar Zuru, hedikwatarta tana Dirin Daji, tana kuma iyaka da Jihar Neja. Ƙasar Zuru ta shiga Jihar Sakkwato a 1976, sannan ta koma Jihar Kabi da aka ƙirƙiro a 1991. Mazauna Sakaba sun haɗa da Kambari da Dukkawa da Dakarkari da Acipawa da Hausawa da Fulani, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa.

Dangantakar wannan yanki da dokin yaƙi ta sha bamban da ta Kano. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kwantagora, da ɗansa Ibrahim, sun yi ta kai hare-hare a kan Kambari da Dukkawa da maƙwabtansu. Mutanen yankin sun dogara ne ga duwatsu da kwari da baka. Wato makamin da aka yi lifidi domin a tsare shi, shi ne makamin kakannin mutanen wannan ƙasa. Saboda haka ba a fada mai bincike ya nemi kayan cushe a nan ba, a ɗaki ya neme su.

A gidansu mai bincike akwai wani tsohon mayafi na kakarsa. Cikinsa gwado ne na saƙar hannu da ta zo da shi gidan aure. Da ya fara tsufa sai aka shimfiɗa masa tsofaffin zannuwa, aka rufe da wani yadi ta baya, aka bi da ɗinki, ya zama abin rufa na lokacin hunturu. Da aka nemi izininta aka farke kusurwa guda, sai aka tarar da baki uku, wani a kan wani. Na can ƙasa jan yadi ne marar zane, ɗinkin hannu. Na tsakiya atamfa ce mai ƙananan ɗigo a kan shuɗi, ɗinkin keke, kuma a gefenta ana iya karanta ragowar rubutun da yake nuna a Nijeriya aka yi ta. Na sama, wanda shi ne mafi sabunta, atamfa ce mai manyan furanni da santsin roba, ta koɗe, ta kuma tsage a wuraren da aka lanƙwasa ta. Abin mamaki shi ne na tsakiyar, duk da ya girme shi, ya fi shi sauran ƙarfi.

Da aka tambaye ta dalilin da ya sa ba a cire tsohon baki kafin a sa sabo, sai ta ce: “Ai ɗan nan, idan ka cire na ƙasa, me na sama zai kama?” Wannan al'ada ta ɗora sabo a kan tsoho ita ce ta adana wa mai bincike zamani uku a kusurwar mayafi guda, daidai da jerin da aka kawo a sassan da suka gabata.

3.8 Abubuwan da Ake Dubawa Wajen Zaɓe

Daga tarihin da aka bayar da kuma abin da aka gani a wajen teloli, ana iya taƙaita ƙa'idojin zaɓen yadin baki kamar haka:

(a) Ƙarfi. Yadin baki ya kamata ya kai na ciki ƙarfi ko ya fi shi, tun da shi ne zai fi shan guga.

(b) Rini. Akan jiƙa ɗan ƙyalle a goga a jikin farin tsumma. Idan ya zuba, zai ɓata cikin mayafin a wankin farko. Jan yadi da baƙin da aka rina da baba sun fi buƙatar wannan gwaji.

(c) Wanki kafin yanka. Sabon yadin auduga yana tsukewa idan ya sha ruwa. Idan aka ɗinka shi a jikin tsohon da ya gama tsukewa, bakin zai tattare.

(d) Girman zane. Siririn baki yana son ratsi ko ɗigo ko ƙaramin zane. Mai manyan furanni sai an ba shi faɗin da furen zai fito cikakke, a kuma lissafa yadda zai faɗa a kusurwa.

(e) Launi. Idan ciki haɗin ƙyallaye ne masu launi da yawa, akan zaɓi baki mai launi guda ko mai duhu don ya tattara su, ya kuma ɓoye dauɗa. Idan ciki fari ne ko baƙi, sai a kawo mai haske. Har yanzu ja ne ake yawan kawowa.

Idan aka lura, (a) da (e) tsofaffi ne tun zamanin lifidi da shafi, amma (c) da (d) sun ƙara ƙarfi ne bayan zuwan yadin kanti.

3.9 Naɗewa

Wannan babi ya bi sawun yadin baki tun daga ƙwaryar saƙi da alharinin Tarabulus, zuwa atamfar Ingila da Holan, zuwa ta Kaduna, har zuwa ta ƙasar Sin. An ga cewa duk lokacin da hanyar ciniki ta sauya, bakin kaya yakan nuna alama, domin shi ne ake sabuntawa alhali ciki yana nan. Lifidin fada yana da masu kula da shi, musamman da hukumar UNESCO ta sa hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Mayafin ɗaki kuwa ba shi da kowa sai mai shi. Bargon kanti ya rage masa kasuwa, sannan hare-haren 'yan bindiga da ƙasar Sakaba ta sha, musamman a 2021 da 2022, sun raba mutane da yawa da ƙauyukansu, mai gudun ceton rai kuwa ba ya tsayawa ɗaukar tsohon mayafi. Don haka ana ba da shawara ga sassan nazarin Hausa da na tarihi su tura ɗalibai su ɗauki hotunan irin waɗannan kaya, su auna faɗin bakinsu, su rubuta sunayen yadin daga bakin tsofaffin da suka san su tun suna raye. Babi na gaba zai yi bayani a kan sunayen da mata suke laƙaba wa zanen atamfa da abin da sunayen suke nufi.